Gishirin da Ake Takawa

Mahaifiyata mai dafa gishiri ce, kuma in ka kuskura ka haɗa ta da masu sarin buhu a kasuwar Gaya, za ta gyara maka magana tun ba ka rufe baki ba. A wajen Bengu aka haife ta, bakin kwarin Foga, inda ƙasa ke yin fari-fari da rani. Tun tana yarinya take kankare ƙasar nan ta zuba a kwando, ta kwarara ruwa a kai, ta tari ruwan da ya tsatso, ta ɗora a wuta har ya ƙone ya bar gishiri. Da wannan aikin ta ciyar da ni da yayata bayan rasuwar mahaifinmu, da shi kuma ta saya mini littattafan lakwal, wato makarantar boko. Hayaƙi ya ja mata idanu tun ina ƙarami, kuma ban taɓa ganin sun washe ba.

A gidanmu akwai doka guda wadda ba a roƙon sassauci a kanta: ba a taka gishiri. In ya zube, sai ka durƙusa ka kwashe shi har da ƙasar da ya taɓa, ka mayar cikin kwandon tacewa ko ka kai wa awaki. Inna takan ce gishiri da hatsi darajarsu ɗaya, wanda ya taka su ya taka abin da ke riƙe da ransa. Ina ɗan shekara bakwai ko takwas na taɓa bi ta kan wanda ya zube a bakin murhu, ina sauri in je wasa. Marin da na sha ranar shi ya sa har yau, in na ga farin abu a ƙasa, ƙafata ke tsayawa kafin hankalina ya iso.

To, ni ɗin nan ne Allah ya kai ƙasar Kanada, ya kuma ba ni aikin watsa gishiri a ƙasa.

Karatu ya kai ni, bayan na gama a Yamai. Karatu kuwa ba ya biyan kuɗin ɗaki, sai na nemi aikin da zan yi da sassafe kafin in shiga aji. Na samu a wajen wani mutum mai ƙaramin kamfani, wanda ke share dusar ƙanƙara a gaban gidaje da filayen ajiye motoci, waɗanda muke ce wa parkin. Ranar farko ya buɗe mini bayan mota, na ga buhuna jibge. Na tambaye shi mene ne, ya ce gishiri. Na ce na wa? Ya nuna mini kwalta.

Wanda bai taɓa zama a can ba zai ɗauka hauka ne, don haka bari in bayyana. Dusar ƙanƙara ba ita ce abin tsoro ba, ita ana ganinta, ana kwashe ta da shebur. Abin tsoro shi ne ruwan da ya narke da rana ya kwanta a kan kwalta, sanyi ya dawo ya daskarar da shi. Sai ya zama wani siririn gilashi baƙi, wanda ido ke ɗauka jiƙa ce kawai. Ka ɗora ƙafa, ka tsinci kanka kana kallon sama. Gishiri shi ke hana ruwan daskarewa, ya kuma sassauta wanda ya riga ya daskare. Ba irin na miya ba ne. Daga ramin ƙasa ake haƙo shi, tsakuwa-tsakuwa, ruwan toka, da datti a jikinsa.

Na koyi aikin, kuma ba na jin kunyar cewa na iya shi fiye da waɗanda na tarar. Sai ka share dusar tukuna, don gishiri a kan tulin dusa asara ce. Ba a zubawa a tara wuri guda, warwatsawa ake yi, ƙwaya nan ƙwaya can, kamar mai yafa irin shinkafa a fadama. In ya yi yawa yakan ƙone ciyawar gefen hanya, ya ci siminti, ya sa motoci tsatsa, karnuka kuma su riƙa ɗaga ƙafa suna kuka. Kwalta ta fi siminti jure masa, amma in tana da tsaga, ruwan narkewa ya shiga ya sake daskarewa, kafin bazara tsagar ta zama rami. In sanyi ya wuce digiri goma ƙasa da sifili, gishirin kansa yakan yi sanyin jiki, sai a haɗa masa da yashi. Sauran ma'aikatan suna juye shi kamar na gado. Ni kuwa ɗan mai dafa gishiri ne, na san abin da ƙwaya ɗaya ke ci kafin ta zama ƙwaya, hannuna ba ya sakin fiye da abin da ake bukata. Mai kamfanin ya lura buhuna sun fi daɗewa a wajena kuma ba a taɓa kawo ƙarata ba. Ya ba ni wurare biyu nawa na kaina, parkin na wani shagon magani da gaban wani bene da tsofaffi suka fi yawa a ciki.

Da Inna ta tambaye ni a waya aikin me nake yi, na ce mata aikin gishiri. Ban yi ƙarya ba, amma na san sarai abin da za ta ji, kuma na bar ta ta ji shi. Ta yi guɗa har yayata ta janye wayar daga kunnenta. Kafin sati ya zagayo, duk matan tunga, inda ake dafa gishiri, sun san autanta ya gaji sana'a, yana sayar wa Nasara gishiri a ƙasarsu. Daga albashina na farko na shirya da yayata, wadda ke aure a Gaya tana sayar da atamfa, cewa duk wata za ta sayi buhun shinkafa da mai ta aika wa Inna a kabu-kabu, babur ɗin haya. Na roƙi Inna ta bar wuta haka nan, ta huta. Ta yarda, abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Shekara biyu ba ta je tunga ba sai don gaisuwa.

Ni na tona kaina da hannuna. Wata safiya a sanyi na uku, dusa ta zuba mai kyau, na ba abokin aikina waya ya ɗauke ni bidiyo. Ga ni cikin rigar sanyi kamar an naɗe katifa, bokiti a hannun hagu, ina yafa gishiri da dama, ina tafe a kai da manyan takalma, har da ɗaga wa mai kallo hannu. Na tura wa yayata don ta ga dusa. Ita kuma, Allah ya shirye ta, ba ta iya ganin abu ita kaɗai. Ta tafi suna a Bengu, ta zaro waya a tsakiyar mata, kuma rabinsu masu dafa gishiri ne. Inna na zaune a cikinsu.

Yayata ta ba ni labari daga baya. Ta ce da farko ana ta mamakin farin ƙasar. Sai wata tsohuwa ta matso da ido ta ce, "Mi yaro ka zubarwa haka?" Yayata, da bakinta mai gaba da tunaninta, ta ce ai gishirin ke nan. Aka sake kunnawa, aka ga mota ta bi ta kai. Inna ta tashi ta ɗauki mayafinta, ko tuwon suna ba ta tsaya ci ba.

Da na kira, ta karɓa, kuma ba ta ɗaga murya ba. Na fi son ta ɗaga.

"Auta, wanga shi na aikin gishirin da kac ce mani?"

Na fara bayani, ƙanƙara, santsi, motoci. Ta bar ni na yi nisa, sannan ta ce, "Shekara biyu ina cin shinkafar da anka saya da taka gishiri, ban sani ba. Allah ya ga ban sani ba. Daga yau kak ka ƙara aiko mani. Ba ni ci."

Ta miƙa wa yayata wayar. Bayan kwana uku Inna ta koma tunga, mace mai jikoki, da gwiwar da ke ƙara in ta durƙusa. Buhun watan nan ya dawo Gaya a kan kabu-kabun da ya kai shi. Na ce wa yayata ta ci gaba da saye, ko Inna za ta huce. Buhuna suka fara hawa kan juna a ɗakin ajiyarta.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da ita kaɗai ba. Na ji haushin yayata, na ji haushin matan Bengu da ba su taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce ta firigo ba amma suka yanke mini hukunci, na ji haushin kaina da na ɓoye. Abin da ya fi damuna shi ne hayaƙin. Duk safiya in na cusa hannu a buhu, sai in ga Inna sunkuye a kan wuta tana share hawaye da gefen zane, saboda ni.

A nan ne na yi wautar da har yanzu nake jin nauyinta. Na ce a raina zan iya riƙe aikin in kuma bi maganar Inna. Parkin ɗin shagon magani babba ne, ba yadda zan yi da shi, amma gaban benen tsofaffi ƙarami ne, daga ƙofa zuwa inda suke ajiye motoci bai fi taku talatin ba. Na ƙudura zan riƙa kankare shi da shebur har kwalta ta fito baƙa, in yafa yashi, in bar gishiri a mota. Ko da rabi ne, in samu abin da zan faɗa mata. Ban gaya wa mai kamfanin ba.

Kwana huɗu abin ya tafi daidai, don sanyin busasshe ne, ba abin da ke narkewa. Har na fara jin kaina wani mai dabara. A rana ta biyar rana ta fito da ɗan ɗumi, tulin dusar da na tara a gefe ya yi ta zubar da ruwa a kan kwalta, kafin wayewar gari kuma sanyi ya dawo. Na iso da safe na ga wurin yana sheƙi. Na san abin da nake gani, aikina ne in sani. Duk da haka na yafa yashi na ce zai isa.

Akwai wani tsoho a benen, dogo, mai farin gashin baki, wanda kullum yake fitowa da ƙarfe bakwai ya je sayen burodi. Ya saba ɗaga mini hula ya ce, "Ina kwana, mutumin Afirka, yau ma ba ka daskare ba?" Ni kuma in ce masa sai gobe. Ranar ya fito, ya ɗaga hular, ya yi taku biyar ko shida. Ƙafafunsa suka tafi gaba suka bar shi. Na ji ƙarar hannunsa daga inda nake tsaye. Na ruga, ni ma na zame na faɗi kusa da shi, muka kwanta mu biyu a kan kwalta. Bai yi ihu ba, ya dai riƙe wuyan hannunsa yana numfashi da baki, ya ce mini, "Yau ba ka sa gishiri ba, ko?"

Hannun ya karye. Da mai kamfanin ya tambaye ni, na gaya masa gaskiya duka, har da Inna da tunga da shinkafa. Ya yi ta kallona kamar na yi masa Dandanci. Daga ƙarshe ya ce shi bai fahimci ko ɗaya ba, amma abu guda ya sani: in na sake barin wuri ba gishiri, in ajiye masa makullin mota. Bai kore ni ba. Tun daga ranar ban sake tsallake ko taku ɗaya ba, kuma shakkar da ke raina ta fita. Na ga da idona abin da aikin ke tsarewa. Inna kuwa ban gaya mata a waya ba, don wannan ba maganar waya ba ce.

Da sanyi ya ƙare na hau jirgi. Na iso Gaya a tsakiyar bazara, zafi kamar a bakin tanda, manyan motoci jere tun daga duwan, ofishin kwastan, har inda ido ya tsaya, suna jiran tsallaka gadar kan iyaka. Yayata ta tarye ni da kuka da neman gafara a lokaci guda, sannan ta buɗe mini ɗakin ajiya. Buhu biyar, ɗaya a kan ɗaya.

"Ka gani? Ni dai na gaji. Maigidana ya ce in ba a kwashe su ba shina buɗe shago."

Washegari da hantsi na hau kabu-kabu zuwa Bengu. A aljihuna akwai wata ƙaramar kwalba da na ciko da gishirin can.

Tun daga nesa na hango hayaƙin tunga. Na same ta yadda na zata, zaune a kan kututture gaban wuta, tana juya ruwan gishiri da dogon ludayi. Ta rame. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa gaisuwa cikakkiya, ta tambayi hanya, ta tambayi karatu, ta sa aka kawo mini ruwa. Ba ta tambayi aiki ba. Matan da ke kusa suka rage hira, kowace ta sami abin yi a inda kunnenta zai kai.

Na zaro kwalbar na miƙa mata. Ta juye a tafin hannu, ta mutsuttsuka, ta kai hanci, ta ɗora ƙwaya ɗaya a harshe. Ta tofar a gefe.

"Wanga ba a dahwa shi ba."

"Ba a dafawa, Inna. Haƙo shi ake yi, kamar dutse. Ba mai cinsa."

"Ko akuya ba ta lasa tai," in ji ta. Na ji daɗi, na ɗauka ƙofa ta buɗe. Sai ta mayar da shi cikin kwalbar a hankali, har ta kakkaɓe abin da ya maƙale a tafinta a ciki, ta rufe. "Amma gishiri na. Mummunan ɗa ma ɗa na."

Na ga ta wannan hanyar ba zan wuce ba. Sai na zauna a ƙasa na ba ta labarin tsohon, tun daga hular har ƙarar hannun. Ban rage komai ba. Na gaya mata na ga wurin yana sheƙi, na san ƙanƙara ce, na bar gishiri a mota saboda maganarta.

Ludayin ya tsaya.

"Tsoho?"

"Tsoho, Inna. Zai girme ki."

"Shina da ɗiya kusa?"

"Shi kaɗai yake zaune."

Ta ajiye ludayin a bakin tukunya, ta juyo gaba ɗaya ta dube ni da jajayen idanun nan. Muryar da ta ƙi ɗagawa a waya, ranar ta ɗaga ta, har matan da ke satar ji suka daina ɓoyewa.

"Kai, da sunana kak kada tsohon mutane? Ni nac ce maka ka bar bawan Allah ya hwaɗi? An ba ka amanar ƙohwar gida, kag ga santsi da idonka, kab bari? Mi nac ce maka? Cewa niy yi ba ni cin shinkahwarka. Cikina na, ni ad da shi. Ina ruwan hannun tsoho da cikina?"

Na ce, "Inna, ba a raba su. In ban watsa ba, wani ya faɗi. In na watsa, kin ce ba ki ci. Na gwada tsayawa a tsakiya, ga abin da ya fito."

Ruwan gishiri ya fara kumfa zai zube, ta janye itace ɗaya daga wuta ba tare da ta duba ba.

"Ka tai ka gaishe shi?"

"Na je asibiti, na kuma je gida."

"Mi kak kai mai?"

Na ce ban kai komai ba, a can ba a cika kai wa mara lafiya kaya ba, sai dai fure. Ta tafa hannu ta juya wajen matan. "Kun ji! Ya karya mutum, ya tai hannu biyu. Wanga karatu dai bai gyara kowa." Suka yi dariya, ni ma na yi, don na san in Inna ta fara yi maka tsiya a gaban mutane, wuta ta fara sauka.

Amma ba ta gama ba. Ta ce in tashi in nuna mata yadda nake yi. Na cika ƙwarya da yashi, na tsaya a fili a tsakiyar tunga, cikin rana, na fara yafawa ina tafiya. Ta bi hannuna da ido kamar mai duba saƙa. Ta ce hannun ba laifi, ba na zubarwa. Sannan ta yi tambayar da na san tana zuwa.

"Gabanka kaka watsawa ko bayanka?"

Da na so, da na ce baya. Yashin a gefe na yafa shi, ba ta da hanyar tabbatarwa, bidiyon ma yayata ta goge shi tuni. Amma rabin gaskiya ita ta kawo mu nan.

"Gabana, Inna. In ban watsa gabana ba, ni zan fara faɗuwa."

"Kenan kana taka shi."

"Ina taka shi. Kullum. Kuma in sanyi ya dawo zan koma in ci gaba, don aikin kirki ne, kuma na iya shi. Ban zo in ce miki na bari ba. Na zo in roƙe ki ki bar wutar nan."

Ban taɓa yi mata magana haka ba tunda aka haife ni. Ba ta ce na yi daidai ba, kuma har yau ba ta faɗa ba. Ta dai juya ta kwashe gishirin da ya nuna, ta zaɓi dunƙule ɗaya daga na jiya, mafi fari, ta naɗe shi da kaba ta ɗaure tam. Ta ce in kai wa tsohon, in ce masa daga uwar wanda ya kada shi, kuma na miya ne, kada in ji an zuba shi a hanya. Na kai masa da na koma. Ya ajiye shi a kan teburinsa yana nuna wa baƙi, bai yarda a gutsura ba.

Ranar dai na koma Gaya ni kaɗai, ban san inda muka tsaya ba. Maganar shinkafa ba ta tashi ba, ni kuma ban yi ƙarfin halin tayar da ita ba. Kwana biyu ina zaune a gidan yayata ba na jin daɗin komai. Ta yi ta ba ni shawara iri-iri, mu tura liman, mu tura ƙanin mahaifinmu, mu ce shinkafar daga mijinta take. Na ce mata a'a, an gama da dabara.

Ranar kasuwar Gaya, wajen azahar, muka ji kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida. Inna ce, da ƙullin kayanta a ka. Ta ce ta kawo gishiri kasuwa ne ta biyo ta sha ruwa. Yayata ta shimfiɗa mata tabarma a inuwar mangwaro. Ta sha ruwan, ta huta, ta yi wa jikokinta faɗa a kan ƙazanta. Can ta ce wa yayata, "Ina kayan nan da kuka ta ajiya? Buɗe in gani, kada ƙwari su cinye dukiyar mutane."

Yayata ta dube ni, na dube ta. Ta jawo buhu ɗaya ta farke bakinsa. Inna ta cusa hannu har wuyan hannu, ta ɗebo, ta baza a tafinta. Ta ce ga shi nan, ƙwari sun fara shiga, mu duka biyu ba mu san darajar abinci ba. Ta sa aka kawo faifai ta sheƙe da kanta, ta tsince, ta ce a ɗora tukunya.

Muka zauna har shinkafar ta nuna. Yayata ta zuba mata a kwano da miyar kifi, ta ajiye a gabanta. Ni ina zaune a bakin tabarma, na kasa kallo kuma na kasa kawar da kai. Inna ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta kai loma ɗaya. Ta tauna a hankali. Ta kai ta biyu, ta uku. Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye su ba, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba.

Da kwanon ya kusa ƙarewa ta tura shi gaban yayata.

"Ƙaro mani. Kuma ki aika Bengu a ce masu su kashe wutata, ba ni komawa."